Rai biyu a jiki ɗaya: abin da rawa ke ɗauka daga wasan Dibuk da abin da take zubarwa

Ranar 9 ga Disamba 1920 aka ɗaga labule a gidan wasa na Elysium da ke birnin Warsaw, ƙungiyar 'yan wasan Vilna ta fito da wani sabon wasan kwaikwayo cikin harshen Yidish. Wanda ya rubuta shi bai ga wannan dare ba. S. An-sky ya rasu wata guda kafin nan, kuma da gangan aka ajiye ranar buɗewa ta zo daidai da cikar kwana talatin na zaman makokinsa, kamar yadda al'adar Yahudawa take. Sunan wasan Dibuk, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta Tsakanin Duniya Biyu. Yau shekara ɗari da 'yan kai, babu wasan Yidish da ya kai shi yawo a duniya. An yi fim da shi, an yi opera, an yi rawar bale, kuma masu wasan gwaji, waɗanda ba su yarda dole sai an bi rubutu layi bayan layi ba, ba su daina komawa gare shi ba. Na daɗe ina tunanin abin da ke jan su, da kuma abin da ke faɗuwa a hanya duk lokacin da aka ɗauke labarin daga baki aka ɗora wa jiki.

Yidish harshe ne na Yahudawan tsakiya da gabashin Turai. Gindinsa tsohon Jamusanci ne, ya sha kalmomin Ibrananci da na harsunan Poland da Rasha da Yukren, ana kuma rubuta shi da haruffan Ibrananci daga dama zuwa hagu. Wanda ya san ajami zai gane wannan zama: harshen gida da kasuwa sanye da haruffan littafi mai tsarki. Kalmar dibuk kuwa daga tushen Ibrananci take, mai nufin maƙalewa ko liƙewa. Bahaushe zai yi saurin cewa ai aljani ne ya shige ta, ko iska ta hau ta. Akwai bambanci. Aljani halitta ce daban da mutum. Dibuk kuwa, a imanin mutanen wancan wuri, ran mamaci ne da ya rasa masauki a can, ya dawo ya maƙale a jikin mai rai. Yana da suna, an san ubansa, kuma akwai abin da yake bi bashi. A kan wannan bashin duk maganata za ta tsaya.

Ga labarin. A wani ƙaramin gari mai suna Brinits akwai Khonen, matalaucin ɗalibin ilimin addini, wanda yake cin abinci a gidan attajiri Sender. Zuciyarsa ta kamu da Leya, 'yar maigidan, ita ma haka, ko da yake kusan ba su taɓa zama sun yi zance ba. Sender kuwa surukin da yake nema mai dukiya ne. Khonen ya tsunduma cikin ilimin asiri na Kabbala, yana azumi yana lissafin haruffa, yana neman hanyar da zinariya za ta zo hannunsa. Ranar da ya ji an ba da Leya ga wani, ya yanke jiki ya faɗi matacce. Ranar biki Leya ta tafi maƙabarta ta gayyaci mahaifiyarta da ta rasu, don haka ake yi wa amarya marainiya, sai ta haɗa da Khonen a gayyatar. Da ango ya matso zai lulluɓe mata fuska, ta ture shi ta ce ba shi ne angonta ba, sannan muryar namiji ta fito daga bakinta.

Aka kai ta wurin babban malami, Reb Azriyel na Miropol. A nan abin da ke ɓoye ya fito. Mahaifin Khonen, Nisan, wanda ya daɗe da mutuwa, ya zo wa malamin garin a mafarki yana neman a yi masa shari'a da Sender. Ashe aminai ne tun suna samari, kuma sun yi alkawari cewa in ɗaya ya haifi namiji ɗaya ya haifi mace za su haɗa su aure. Aka rataya labule a kusurwar ɗaki, aka kira mamacin ya tsaya a bayansa, aka saurari ƙara. Alƙalai suka ce alkawari a kan abin da bai zo duniya ba tukuna ba ya ɗaure mutum a shari'a, amma duk da haka Sender ya jawo halaka, don haka ya raba rabin dukiyarsa ga matalauta, ya riƙa yi wa Nisan da Khonen addu'ar mamata har ƙarshen ransa. Suka roƙi mamacin ya yafe. Bai ce ya yafe ba. Aka kunna baƙaƙen kyandir bakwai, aka fito da naɗaɗɗun Attaura bakwai, aka busa ƙahonin rago bakwai, aka tilasta wa dibuk ya fita. Malam ya zana da'ira a ƙasa kewaye da Leya don ta tsare ta kafin ango ya iso. Ta ji muryar Khonen, ta tsallake da'irar, ta bi shi.

Kafin a zargi wani mai tsara rawa da taɓa asali, ya kamata a san cewa wannan wasa bai taɓa zama da riga ɗaya ba. An-sky, wanda sunansa na yanka Shloyme Zanvl Rappoport, an haife shi a 1863, ya bar rayuwar addini tun yana saurayi, ya yi shekaru cikin 'yan gurguzu masu neman juyin juya hali a Rasha. Sai da ya manyanta ya waiwayo gida. Tsakanin 1912 da 1914 ya jagoranci tawaga zuwa garuruwan Yahudawa na yankunan Volhynia da Podolia a Yukren, suna naɗar waƙoƙi a na'urar ɗaukar murya ta zamanin, suna ɗaukar hotuna, suna rubuta tatsuniyoyi da camfe-camfe. Ya tsara tambayoyi sama da 2,000 a kan rayuwar mutum tun daga ciki har kabari. Daga cikin wannan tarin ya ɗebo kayan wasan. Da Rashanci ya fara rubuta shi, ya kai wa Stanislavski, shahararren mai shirya wasan kwaikwayo, a Mosko, amma ba a kai ga nuna shi a can ba. Mawaƙi Bialik ya fassara shi zuwa Ibrananci, aka buga a 1918, kuma da An-sky ya rasa kwafinsa na Yidish a gudun hijira, da fassarar Bialik ya dogara ya sake gina shi. Wato rubutun da ake kira na asali ya ratsa harsuna uku, kuma wanda ya rubuta shi mutum ne da ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon duniyar da ya san tana gushewa.

Wanda ya nuna a fili cewa ƙarfin wasan a jiki yake shi ne Yevgeny Vakhtangov, ɗalibin Stanislavski. Shi ya shirya shi wa ƙungiyar Habima a Mosko, aka buɗe ranar 31 ga Janairu 1922, da Ibrananci. Vakhtangov ba Bayahude ba ne, ba ya jin harshen da 'yan wasansa ke furtawa, ga ciwon ajali yana cin sa, wata huɗu bayan buɗewa ya rasu. A ganina rashin jin harshen ne ya tura shi ga abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji ko babu ma'ana. Ya rage wasan daga kashi huɗu zuwa uku. Natan Altman ya yi masa dandamali mai karkatattun kujeru da tebura, aka zane fuskokin 'yan wasa har suka koma kamar ba na mutane ba, Joel Engel, wanda ya bi An-sky yawon tattara waƙoƙi, ya tsara kiɗa.

Sai rawar mabarata. A rubutun An-sky al'ada ce kawai: attajiri yana ciyar da matalauta ranar bikin 'yarsa, amarya kuma dole ta yi rawa da duk matalauciyar da ta nema. Akwai wata tsohuwa da ta riƙe Leya ta ƙi saki, tana cewa shekara arba'in rabonta da rawa, a ƙara mata, a ƙara. Vakhtangov ya ɗauki wannan ɗan wuri ya mai da shi cibiyar dare. Makafi da guragu da masu ƙusumbi suka kewaye amarya, yatsu a lanƙwashe kamar farata, kiɗa yana ƙara sauri, suna jan ta daga hannu zuwa hannu. A tsakiyarsu Hanna Rovina, wadda ta fito a matsayin Leya, farar riga, farar fuska, baƙin kitso biyu dogaye har ƙasa da ƙirji, ana juya ta har numfashinta ya ƙare. Dangin ango da attajirai kuwa a sandare suke tafiya kamar 'yan tsana. Kusan shekara biyar ke nan da juyin juya halin Rasha, kuma 'yan kallon Mosko ba su buƙaci tafinta ba kafin su gane fushin talaka a kan mai kuɗi. Habima ta bar Tarayyar Sobiyet a 1926, ta zaga Turai da Amurka, daga baya ta zauna a Tel Aviv, ta yi ta nuna wannan shirin sama da shekara arba'in, fiye da sau dubu.

Abin da ya sa rawar ta yi aiki shi ne ba ado ba ce. Ta shirya jikin Leya don abin da ke tafe: kafin dibuk ya shige ta, mun riga mun ga yadda jikinta ya zama na kowa ban da ita. Kuma ta nuna laifin Sender ba tare da an furta ba. A cikin wasan akwai wani baƙo da ake kira Manzo, mai bayyana duk inda mutuwa ta kusa, wanda ya ba Sender misalin taga da madubi: duka gilashi ne, ta taga kana ganin mutane, amma da an shafa wa gilashin azurfa sai ka daina ganin kowa sai kanka. Mabaratan Vakhtangov su ne mutanen da ke bayan tagar.

Fim ɗin da Michał Waszyński ya yi a Poland a 1937, da Yidish, ya ƙara taki ɗaya. Judith Berg ta tsara rawar, ta sa wani mai fuskar ƙwarangwal ya fito cikin taron biki ya miƙa wa amarya hannu. Leya ta ja da baya, sai ta ga fuskar Khonen a cikin fuskar mutuwa, ta saki jiki ta faɗa hannunsa. Duk lokacin da na kalli wurin nan sai tsigar jikina ta tashi, kuma ba don ƙwarangwal ba, don yadda tsoro ke narkewa daga fuskarta. Fim ɗin ya yi wani abu kuma da ya kamata a lura da shi: ya ɗauko alkawarin iyaye, wanda An-sky ya ɓoye sai can kusa da ƙarshe, ya sa shi a farko. Muna ganin aminan biyu suna ƙulla shi da idonmu. An yi asarar mamaki, amma an sami nauyi, don duk abin da ya biyo baya muna kallonsa ne da sanin bashin da ke ƙasa.

A nan wahalar take ga mai rawa. Jiki ya iya nuna so, ya iya nuna tsoro, ya iya nuna an shige shi. Amma ta yaya ƙafa da hannu za su ce shekara ashirin da suka wuce mutum biyu sun yi alkawari a kan 'ya'yan da ba a haifa ba, ɗaya ya mutu, ɗayan ya ga yaron a teburinsa, zuciyarsa ta raya masa wani abu, ya ƙi tambayar sunan ubansa don kada amsar ta hana shi surukin mai kuɗi? Wannan zance ne na shari'a, da sharaɗi da hujja da togiya, kuma rawa ba ta da kalmar "in" ko "da a ce".

Mai tsara rawa Jerome Robbins da mai tsara kiɗa Leonard Bernstein sun yi karo da wannan bango. Tun suna samari suke maganar yin Dibuk, sai a watan Mayu 1974 ƙungiyar bale ta birnin New York ta nuna shi, Patricia McBride da Helgi Tomasson a gaba. Robbins, wanda sunan gidansu Rabinowitz, ya taɓa taka dandamalin Yidish yana matashi, don haka ba baƙo ba ne. Bernstein ya bi hanyar Khonen da kansa wajen tsara kiɗa. A Ibrananci kowane harafi yana da adadi, irin hisabin abjadi da malamanmu suka sani, kuma a cikin wasan Khonen ya lissafa cewa sunan Leya 36 ne, nasa 108, wato nata sau uku. Daga irin waɗannan adadi Bernstein ya ciro wasu sautukansa. Don a riƙe alkawarin kuma, sai da aka sa mawaƙa maza biyu suna rera nassosin Ibrananci, har da rantsuwar amincin Dawuda da Yonatan. Ka ga ko a bale sai da aka nemi taimakon baki. Duk da haka Robbins bai gamsu ba. Ya yi ta yanka, ya sauya sunan, har a 1980 abin da ya rage 'yan raye-raye ne da aka cire musu labarin. Sai bayan rasuwarsa aka dawo da cikakken shirin. Ni dai ina ganin ya yanke abin da ya fi wuya ne, kuma abin da ya fi wuyar shi ne wasan.

Matsala ta biyu ta fi ta farko daɗin tunani. Rubutun ya ce rai biyu a jiki ɗaya. In ka ba mace ɗaya aikin, kamar Rovina, dole ta sauke muryarta, ta sauya tsayuwa da tafiya, mu ga namiji a cikinta muna kuma ganinta. In ka sa mace da namiji su yi rawa tare, kamar yadda bale ta saba, ido zai ga masoya biyu sun rungumi juna, abin ya yi kyau, amma firgicin ya tafi, don babu wanda aka ƙwace wa jiki. Pearl Lang, wadda ta fito daga makarantar shahararriyar mai rawar zamani Martha Graham, ta yi nata a 1975 da salon da motsi ke tasowa daga ciki, daga tsukewar mara da sakin numfashi, kuma wannan salo ya fi kusa da abin da ake nema: abu yana motsa ka daga inda ba ka da iko. Joseph Chaikin, wanda ya kafa Open Theater, ya shirya wasan a New York a 1977, bayan shekaru yana horar da 'yan wasa su rikiɗe daga wani mutum zuwa wani a gaban 'yan kallo ba tare da sauya tufa ba. Bruce Myers, daga ƙungiyar mai shirya wasa Peter Brook, ya matse wasan gaba ɗaya ya koma na mutum biyu.

Akwai tambayar da kowane ɗayansu dole ya amsa da jikin 'yar wasa, ko ya so ko bai so ba: Leya kama ta aka yi, ko ita ta buɗe ƙofa? Ita ta gayyace shi a maƙabarta. Yarinya ce da ba a tambaye ta ra'ayinta a kan aurenta ba, kuma sau ɗaya tak aka saurari "a'a" daga bakinta, lokacin da ta fito da muryar namiji. Mai tsara rawar da ya sa ta birgima da karkarwa kawai ya mai da ita abin kallo, ya sake ƙwace mata baki. Duk wanda ya taɓa ganin an kwaikwayi bori a dandalin bikin al'adu, a yi tsalle a faɗi da gindi a tafa, ba wanda ya san wane ne ya hau ko me ya zo faɗa, ya san irin ramar da nake nufi.

Sannan ga abin da An-sky bai sani ba. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin Yidish sun kai wajen miliyan 11. Cikin Yahudawa miliyan shida da 'yan Nazi suka kashe, kusan miliyan biyar masu wannan harshe ne. Gershon Sirota, shahararren mai jan addu'a da aka ji muryarsa a fim ɗin 1937, a unguwar da aka killace Yahudawan Warsaw ya mutu a 1943. Garuruwan da An-sky ya zaga babu su a yadda ya san su. Daga nan wasan ya sauya ma'ana ba tare da an taɓa harafi ɗaya ba, domin matattun da ba a biya su haƙƙinsu ba sun daina zama mutum biyu.

Mai shirya wasa Krzysztof Warlikowski ya kama wannan da hannu biyu a shirinsa na 2003 a Poland, lokacin da ƙasar ke cikin zazzafar muhawara a kan kisan Yahudawan garin Jedwabne na 1941 da hannun da maƙwabtansu suka sa a ciki. Ya haɗa wasan An-sky da wani labari na marubuciya Hanna Krall, game da wani Ba'amurke da aka haifa bayan yaƙi, wanda yake ɗauke da ran ɗan'uwansa, yaron da mahaifinsu ya haifa da matarsa ta farko ya kuma mutu a killatacciyar unguwar Warsaw. Yaron yana kuka a cikinsa. Ya je neman a raba su, da abin ya zo gaske sai ya kasa sakinsa. Warlikowski ya taɓa rubutu sosai, ya yanke, ya ƙara, ya sa tufafin zamani. Amma a wurina ya fi masu gemun roba da dogayen riguna riƙon amana, saboda ya tambayi kansa wa ake bi bashi a wannan ɗaki, a wannan gari, yau, ya kuma bar 'yan kallonsa zaune a kujerar Sender.

Harshen kansa ya zama abin yanke shawara. Yidish bai mutu ba, yara suna tashi da shi a unguwannin masu tsananin riƙon addini a Brooklyn da Antwerp da Birnin Ƙudus, sai dai waɗannan ba su cika zuwa gidan wasa ba. Masu zuwa kuwa yawanci fassarar da ake haskawa a saman dandamali suke karantawa, ido a sama, jikin ɗan wasa a ƙasa ba mai kallo. Wannan na cikin dalilan da rawa ke jan masu shirya wasan. Marubuci Tony Kushner, a nasa shirin na Turanci a shekarun 1990, ya jingina da kiɗan ƙungiyar Klezmatics don ya riƙe ƙamshin wurin. Kiɗa yana taimakawa, amma yana iya zama yaji da ake barbaɗawa don a ji daɗin kewar abin da ba a sani ba. In za a bar Yidish a shirin da sauransa rawa ce ko wani harshe, ni a bakin dibuk zan bar shi, da bayan labulen shari'a, inda mamaci ke magana masu rai suna jiran a fassara musu.

Shi ya sa in na ji an ce wata ƙungiya za ta yi Dibuk da rawa, ba rawar mabarata nake ɗokin gani ba, na san za ta yi kyau, haka ma haɗuwar masoya a ƙarshe. Labulen nake jira. Ina so in ga yadda za a nuna ɗaki cike da manyan malamai sun juya ga wani ƙyalle da ba kowa a bayansa, sun karanta hukunci mai kyau da adalci gwargwadon iyawarsu, sun yi shiru suna jiran a ce an yafe, shirun ya yi tsawo har suka fara duban juna. Ina so in ga inda za a tsayar da Sender a lokacin, da abin da hannuwansa ke yi. Daga can nesa ana jin kiɗan 'yan rakiyar ango yana matsowa, tsohuwar da ta rene Leya ta yi gyangyaɗi, Leya kuma tana tsaye ita kaɗai, yatsun ƙafarta a kan zanen da'irar.